Barnabas Maiguga da Buhun Tumbi

Duk wanda ya taɓa kai wanki a unguwar Wambai ya san Barnabas, in bai san sunansa ba ya san hancinsa, domin a kaf Suleja babu mai yamutsa hanci irin nasa. In ka miƙa masa rigarka, da yatsu biyu zai karɓa, ya ɗaga ta sama kamar ka ba shi mushen ɓera, sannan ya dube ka ya ce, "Oga, da wannan aka shiga ofis?" Amma fa in ya wanke ya sa sitaci ya goge, karin wandon sai ya yanke maka yatsa. Shi ya sa ma'aikatan da ke sammakon zuwa Abuja suke shanye wulaƙancinsa, gobe su sake dawowa.

Mu danginsa mun san abin ba na yau ba ne. Tsohuwarsa ta ce tun yana goye, in ƙuda ya sauka a kan nono, to ya yaye kansa ke nan sai an wanke. Ubansa birkila ne da ya baro ƙauye ya zo Suleja lokacin da ake ta gine-ginen Abuja. Ya so yaron ya gaje shi, amma yini guda Barnabas ya yi a wurin kwaɓa siminti, ya dawo ya yi ta wanka har rijiyar gidan ta ja da baya. Makaranta ma ba jarrabawa ce ta kore shi ba, masai ne ya kore shi. Sai da aka kai shi koyon wanki da guga ya samu natsuwa, don ya tarar da sana'ar da ake biyan mutum ya yi faɗa da datti. Daga baya ya auri Debora, 'yar garin Kwoi, mai tuyar ƙosai a bakin layi, mace mai faɗar magana yadda ta zo mata. Ita ce ke cewa mata sun auri maza, ita ta auri sabulu. Suna da 'ya ɗaya, Esta.

A daminar bana ne Barnabas ya sayi babur don kai wa mutane kayan guga. Ranar da ya turo shi gida, ko leda bai ɓare ba, ya buga wa surukinsa waya a Kwoi ya ce bikin Patience, ƙanwar Debora, da ke tafe, a kan mashin ɗinsa na kansa zai kawo musu 'yarsu. Tsoho ya ji daɗi, ranar Lahadi ya miƙe a coci ya ba da shaida, ya sanar wa jama'a. Baki shi ke yanka wuya. Mutumin da bai taɓa murza totur ba ya ɗauko wa kansa tafiyar da za ta cinye masa rabin yini, ga mace a baya, ga garin surukai kacokan na jira.

Gaskiya koyon bai ba shi wuya ba. A filin ƙwallo ya gane giya da birki, har yana zagaye ba ya sa ƙafa. Da ya hau titi ne asirinsa ya tonu. Barnabas ba ya iya taka ƙazanta da taya. In ya hango kashin shanu sai ya fizge kan babur ba tare da ya duba abin da ke gefensa ba. Ya kauce wa bawon ayaba ya faɗa baron mai rake. Ya kauce wa ruwan lambatu ya kusa shigewa ƙarƙashin keke mai ƙafa uku, direban ya zage shi da yare uku. In ƙwaro ya fashe masa a riga kuwa, sai ya saki hannu ɗaya ya zaro hankici, babur na tafiya yadda ya ga dama. Duk wannan a idon Debora, tana zaune gaban kaskonta.

"Baban Esta," ta ce masa, "ni ban gaji da duniya ba. Mota zan shiga. Kai ka taho a hankali, ka gaya wa Baba a hanya na faɗi."

"Haba Maman Esta, an fa faɗa a coci."

"Ai ba ni na faɗa ba. In kana so in hau bayanka, ka je ka sa Baba Datti ya zo nan da ƙafarsa ya ce min in hau. In ba shi ba, ko fasto ne ya ce, ba ni hawa."

Da ta ce masa ya je ya kwana a bola da ya fi masa sauƙi. Baba Datti maƙwabcinsu ne, tsohon ɗan acaba da ya bar ɗaukar mutane ya koma jigilar fatu da kayan ciki daga mayanka zuwa wurin masu balangu. Mutumin kirki ne, shi ya kai Debora asibiti ranar haihuwar Esta, tun daga nan ba ta yarda da tuƙin kowa sai nasa. Amma babur ɗinsa, tun yana kwanar masallaci ƙudajen layin suke fita tarbarsa. Shekara da shekaru daga nesa Barnabas ke gaishe shi, yana riƙe da numfashi, shi ya sa gaisuwar tasu ba ta taɓa wuce "ina kwana" ba.

Ya daure ya je. Ya ma nuna masa shirin da ya yi na tafiya: hular kwano sabuwa da ya wanke cikinta da tafasasshen ruwa don bai san kan wa aka gwada ta a kasuwa ba, hankici kusan dami guda, da rigar ruwa da ya sa wa dutsen guga ta narke a kafaɗa. Baba Datti ya duba ya ce, "To madalla. Famfo fa? Faci fa? Filogi?" Ko ɗaya babu. Tsoho ya ce ya hau ya yi gaba, shi zai bi shi a baya ya gani. Ko ƙarshen layi ba su kai ba ya tsayar da shi.

"Barnaba, kai ba tuƙi kake ba, zaɓen wurin takawa kake kamar kyanwa. A babban titi wanda ya kauce wa kashi ya gamu da tirela. Kashi ana wanke shi. Gobe da safe ka same ni a mayanka."

"A ina, Baba?"

"Ka ji ni sarai. Ni ba na sa wa sabon hannu mutum a baya. Buhu nake fara ɗora masa. Buhun kayan ciki yana rawa, yana zamewa, in ka yi kwana ya bi nasa gefen, sak matar da ke jin tsoro. In ka yar da shi kuwa, babu mai kai ka ƙara wurin iyayensa."

Washegari Barnabas ya isa mayanka da farin takalmi. Tun daga bakin ƙofa ƙarni ya mare shi. Ƙasa jiƙe sharkaf, ba ka sanin jini ne ko ruwa ko abin da ya fi su, ungulaye na tafiya a ƙasa hankali kwance kamar su ma ma'aikatan wurin ne, wani mahauci na juye tumbin bijimi a gefe, tururi na tashi, kore shar. Ƙudajen wurin kuwa ƙosassu ne, wani ma in ya sauka maka a kafaɗa sai ka ji nauyi. Barnabas ya ɗaure hanci da hankici biyu. Mahauta suka yi ta masa sannu da zuwa, ɗaya ya miƙo hannu za su gaisa, Barnabas ya dubi hannun, ya dunƙule nasa ya ɗaga sama yana "Ranka ya daɗe" tun daga nesa, alhali mahaucin bai kai shi shekaru ba.

Da ɗanyar fata aka fara, kafin a kai ga buhu. Baba Datti ya ɗaure ta da roba a daidai inda Debora za ta zauna, suka yi ta kai kaya wajen Dutsen Zuma suna dawowa. Fata na bugun bayansa, yana sandarewa kamar an soka masa tsinke. Kullum ya dawo gida sai ya wanke babur, ya wanke kansa, ya wanke bokitin da ya yi wankan, ya zauna yana kallon tuwo ba ya iya ci. Mun zaci zai gudu. Amma duk sanda ya tuna surukinsa tsaye a bakin hanya da dattawan coci, shi kuma ya iso shi kaɗai, matarsa ta sauko daga motar haya, sai ya tashi ya koma. Kaucewar ta ragu, amma ba ta mutu ba. Ko yaushe ya ga tulin kashi, sai kan babur ya ɗan karkace. Baba Datti na baya yana gani, ba ya cewa komai sai "Da saura."

Ana saura 'yan kwanaki biki, aka kwana ana ruwa. Da safe Baba Datti ya ce yau Tafa za su, wurin wani mai balangu, kuma yau ba fata ba ce, tumbi ne da hanji, ɗumi-ɗumi, ko wankewa ba a yi ba.

"Baba, ko a ɗan ɗauraye su?"

"Mai kaya ya ce shi zai wanke abinsa. Ɗaga ƙafarka in ja roba."

Suna hawa babban titi buhu ya fara tsiyaya. Barnabas ya ji wani ɗumi ya taɓa ƙugunsa, ya gangara cikin wando a hankali, ya bi cinya, ya sauka har cikin safa. Hannunsa na hagu ya yi ta roƙonsa ya sake shi ya je ya duba, ya hana. Ƙudajen mayanka da suka yi masa rakiya suka haɗu da na hanya suka yi zumunci a kan wuyansa. Bai gama da wannan ba sai ga tirelar shanu ta taso ta hagunsa, ta jera da shi, tana huci, gefenta na zubar da abin da shanu suka tara tun daga inda aka loda su, iska na watso masa a fuska. Dama kuwa rami ne. Can gabansa, a daidai layin tayarsa, ga wani kududdufi baƙi ƙirin, da wani abu a kumbure a tsakiyarsa, ƙafafu huɗu a sama. Ko akuya ce ko kare, Barnabas ya ce har gobe ba ya so ya sani.

Duk jikinsa ya ce ya fizge hagu. Hagu kuwa tayoyin tirela ne, kowace ta fi shi tsawo. Ya rage wuta, ya cije baki, ya riƙe kan babur da hannu biyu, ya bi ta gefen mushen ya ratsa ruwan a miƙe. Ruwa ya tashi ya rufe shi har hular kwano. Wani ruwan ya bi ta ƙarƙashin hankici ya shiga inda bai kamata ba. Buhu ya yi tangaɗi ya koma ya zauna. Tirela ta wuce abinta.

Bai tsaya ba sai gaban mai balangu a Tafa. Ya kashe babur, ya sa jak, ya tabbatar ya tsaya da kyau, ya sauko, ya taka zuwa bayan rumfa, sannan ya amayar da duk abin da ya ci tun daga bikin Ista. Mai balangu ya tambayi Baba Datti ko yaron nasa ba shi da lafiya ne. Tsoho ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Yau ma ya warke."

Debora na kwashe ƙosai suka iso layi. Ta ga Baba Datti ta gaishe shi, ta dubi wanda ke bayansa ta ja da baya da kujerarta.

"Baba, wannan da ka kawo min, mijina ne ko saƙo aka ba ka?"

"Naki ne, 'yata. Ki hau."

"Tsakani da Allah, Baba?"

"Na ce ki hau. Amma ki riƙe shi da kyau, kada ki zauna can baya kina yanga, babur ba ya son haka."

Barnabas ya riga ya rantse ba zai buɗe baki ba sai ya ga ruwa. Yinin ranar a banɗaki ya ƙare, sabulun da ya kashe ya isa wankin barikin soja. Rigar da wandon kuwa, mutumin da ke cika baki cewa babu tabon da ya taɓa gagararsa, da sanda ya ɗauke su ya kai bola.

Ranar tafiya da safe ya fito cikin farar riga mai sitaci, tana ƙara in ya motsa. An ɗaure famfo da faci da jakar Debora a baya, an bar Esta wurin kakarta. Debora ta fito a makare, tana cin ragowar ƙosan da ta soya musu na guzuri. Ta cusa na ƙarshe a baki, ta haye, ta matso kamar yadda aka ce mata, ta zagayo da hannuwanta ta damƙe shi a ciki, yatsu goma, kowanne na naso da mai. Barnabas ya ji man na ratsa sitaci yana isa fatarsa. Hancin nan ya yamutse har ya kusa taɓa gira. Muna tsaye muna jira mu ga hannu ya tafi aljihun hankici.

"Baban Esta, lafiya? Mu je mana, rana na yi."

Hannun bai bar kan babur ba, ya taka giya, suka fita layin a miƙe.