Tsamiyar Bakin Tur'a

Jiya da azahar na tsaya a bakin tur'a, magudanar ruwa mai shayar da gonakinmu na Wad Haddad, na ga kututturen tsamiyar nan ya yi toho har ƙugu. Sai Baffa ya faɗo mini a rai.

Shi ya sare ta tun ina saurayi, don mutane kan yanka mata baƙin zakara idan ciwo ya ƙi jin magani. Kowace damina kuma sai ya koma da gatari ya datse sabon toho. Wata rana na raka shi. Babu iska, amma ganyen na kaɗawa. Wurin na ƙarnin jini, ga sabon jan ƙyalle ɗaure.

Na ce, "Baffa, ai kowa na salla yanzu. Wa ke zuwa nan?"

Ya ce, "Masu sallar mana, ɗana. Itace muka sare, saiwa tana ƙasa."

Shekara uku da rasuwarsa, ba wanda ya ɗauki gatarin. Jiya kuwa baƙin zakara ne a hammatata, ɗiyata kuma wata biyu ke nan tana kwance ba lafiya. Har yanzu ban tuna lokacin da na yanke shawarar zuwa ba.

Na saki zakaran. Bai gudu ba, ya je gindin kututturen ya kwanta yana kallona. Na koma gida na nemo gatarin Baffa.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya tashi kafaɗar ɗiyata, Ya busar da saiwar da ke cikina.