Ranar da Na Goge Motar Alhaji da Toka

Warin jiƙaƙƙiyar fata ne ya tado mani da wannan zance. Shekaranjiya jikana ya bar takalminshi a tsakar gida ruwa ya yi mashi duka, da na ɗauka zan jingine a bango sai warin ya bugi hancina. Sai da na nemi kujera na zauna. Wataƙila ka ce tsohuwa ta fara rikicewa, takalmi ne fa kawai. To, ka yi haƙuri ka saurara, abin ya daɗe yana cina.

A Tasawa na taso, shekarun da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, lokacin gyaɗa na da daraja. In kaka ta yi, garin duk ƙamshinta yake. Raƙuma da jakai na shigowa da ita daga ƙauyuka, buhuna jibge a bakin sikeli, manyan motoci na kwasa suna yin kudu. Babana direba ne a gidan wani Alhaji mai sayen gyaɗa. Ba babbar mota yake ja ba, ƙaramar motar shigar Alhajin ce a hannunshi, baƙa wuluk, wadda in ka tsaya gabanta za ka ga fuskarka har da tsagen kumatu. Don yarda, a ƙofar gidanmu take kwana, ƙarƙashin wata tsamiya.

Wankin motar nan kuwa abin kallo ne. Baba yakan sa a jawo ruwan rijiya tun da safe, a bar shi cikin bokiti ya kwanta har yashin ya koma ƙasa, sa'annan ya tsiyaye na saman. Daga rufi yake fara zubawa, ya sauko sannu-sannu. Amma inda ya fi tsanani shi ne wajen tsane ruwa. Yana da wata fatar jar akuya da wani majemi ya jeme mashi har ta yi laushi kamar kunnen jariri. Sai ya jiƙa ta, ya matse, ya shimfiɗa a jikin motar, ya jawo ta a hankali wajen ƙirjinshi, ruwan ya bi ta. Ba ya dirzawa ko kaɗan. Gilashi kuma da wani tsohon zanen Inna yake bi, wanda ya sha wanki har ya saki jiki. Kowane ƙyalle aka kawo mashi, sai ya fara goga shi a kumatunshi, in ya ji kaushi ya mayar. Alhaji ma ya taɓa aiko mashi da sabon tawul daga Kano, Baba ya yi godiya, ya ba Inna ta riƙa goyo da shi. In fatar ta faɗi ƙasa kuwa, ko da na ƙiftawar ido ne, ranar ta gama aiki sai an sake wanke ta.

"Wanki ba wuya, uwata," haka yake ce mani, don sunan mahaifiyarshi aka sa mani. "Wajen tsane ruwa ake kashe fenti. Ƙwayar yashi guda ta isa."

Ina jin shi, amma kunnena kawai ke ji. Ni a lokacin shekaruna ba su wuce tara ba, kuma ina da nawa abin taƙama. Duk unguwarmu ba ɗiyar da ta kai ni iya gugar tasa. Ba ni soso da toka da ɗan lallausan yashi, in zauna bakin magudana, in mayar maka da tsohuwar tasa kamar yau aka sayo ta. Matan maƙwabta har aro na suke in za a yi biki. Kaina ya kumbura, na ɗauka duk abin da ke ƙyalli a duniya hannuna ne maganinshi.

Ana gobe za a buɗe cinikin gyaɗar shekarar, aka ce wani babba zai zo daga Yamai, babban birnin ƙasa, kuma cikin motocin garin ta Alhaji aka zaɓa ta ɗauko shi daga masauki. Bayan la'asar Baba ya wanke ta, ya tsane ta, ya yi ta zagaya ta yana leƙen ko ɗigo ya rage. Da safe, bayan an sauko daga salla, ya wuce gaisuwar wata rasuwa a bayan kasuwa, ya ce yanzu zai dawo.

Na fito shara sai na ga balbelu sun yi aika-aika. Kashinsu fari fat a gaban motar, wuri uku, har ya fara bushewa. Wallahi ba ɓarna na nufa ba. So nake Baba ya dawo ya tarar na fidda shi kunya, ya ce uwata ta girma. Fatar tana cikin gwangwaninta rataye a ɗakinshi, an hana mu taɓawa, ban kuwa taɓa ba. Na ruga na ɗauko sosona da tokata da yashina. Na taka dutse, na duƙa, na dirza, ina murzawa zagaye-zagaye yadda nake wa tasa. Kashin ya fita tas. Na watsa ruwa, wurin ya yi baƙi sumul, har na yi wa kaina murmushi a ciki. Na kama bakin zanena na goge sauran ruwan.

Da rana ta taɓa wurin ya bushe, sai na ga abin da na yi. Manyan zagaye uku, fari-fari, dishi-dishi, kowane kamar faɗin faifai. Na tofa yawu na shafa, suka ɓace, suka sake dawowa. Na jefa soson bayan rumbu, na shige madafa na zauna kusa da Inna kamar mai taya ta aiki.

Da Baba ya dawo ya ga motar, ban ji ya yi ihu ba. Can ya shigo, ya tsaya tsakar gida, ya ce, "Wa ya taɓa motar nan?"

Na cusa hannuwana cikin zane, don akwai toka a ƙarƙashin farcena. Inna ta leƙa ta gani, ta yi salati, ta ce ƙila ɗiyan unguwa ne, a tara su a tambaya.

"Ba zan ɗora wa ɗiyan mutane abin da ban gani ba," in ji Baba. Ya ɗauki fatarshi ya fita. Ta kafar zana nake kallonshi, yana jiƙawa yana shimfiɗawa yana jawowa, mutumin da ya fi kowa sanin tabon ba zai fita ba.

A wancan zamani ba mai gyaran fenti a Tasawa, sai an kai Kano. Babban baƙon nan dai motar wani attajiri ya shiga, wanda shi da Alhaji ba sa ga maciji. Abin da ya fi ƙona ran Alhaji ke nan. Wani maƙwabcinmu da aka yi abin a gabanshi ya ba Inna labari, ina gefe ina tsintar wake. Ya ce a bakin sikeli, cikin jama'a, Alhaji ya tambayi Baba wa ya yi wannan aiki, Baba ya ce, "Amana a hannuna take, Alhaji. Ni za ka tuhuma." Alhaji ya ce shi da ke mayar da tawul ɗin mutane abin goyo don tsabar iyayi, ashe ko gadin mota bai iya ba. Ya miƙa hannu, Baba ya zuba mashi makulli.

Kafin damina muka tattara muka koma ƙauyensu Baba, can wajen Mayahi. Ya koma noman hatsi da ƴar gyaɗa. Mutanen ƙauye, ka san su da tsokana, har ya tsufa direba suke ce mashi, in sun gan shi bisa jaki su ce a taka burki. Yakan yi dariya tare da su. Ni ce ba na iya dariyar. In mota ta ratsa ta hanyar kasuwa, sai ya dakata da hauya, ya bi ta da ido har ta ɓace, ni kuma in sunkuyar da kai. Bai sake riƙe sitiyari ba.

Sau nawa na shirya faɗa mashi? Ranar da za a kai ni ɗakin miji na yi niyya, na ce kar in ɓata ranar. Da na haifi ɗan fari ya zo suna, na ce bari baƙi su watse. Kullum da dalilina, kuma duk tsoro ne. Yanzu a Maraɗi sai ka ga an ƙwarzane mota da safe, kafin azahar an fesa mata fenti ta koma sabuwa, ba wanda ya rasa abincinshi. Ƴaƴana in na fara zancen sai su ce, "Haba Inna, yarinta ce fa." Gugar ce yarinta. Shirun da na yi shekara arba'in, da girmana na yi shi.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na samu bakin magana. Lokacin tsufa ya ci shi, wani bi ya gane mutum, wani bi ya ɓace mashi. Da hantsi ne, na gama ba shi kunu, ba kowa a ɗakin. Na durƙusa bakin gadon, na faɗa mashi duka, da balbelun da tokar da soson da na jefa bayan rumbu. Na ce, "Baba, ni ce na ɓata motar. Ka yafe mani."

Ya daɗe yana kallona. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya share mani hawaye da babban yatsanshi.

"Wace mota, uwata?" ya ce.