Taɓaryar Iyatu

Iyatu mai ƙosai ta baro Mora ne shekarar da 'yan bindiga suka shigo musu a kan babura. Ta tsira da ranta, amma tsoron ya biyo ta har Garwa. A unguwar Rumde Ajiya kuwa babur ya fi kaji yawa. Da ta ji ƙararsa sai jikinta ya ɗauki rawa, numfashi ya sarƙe. Sau biyu tana kifar da kaskon mai.

An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Maƙwabciyarta Fanta, tsohuwar ungozoma, ta danna mata kafaɗa, ta ji ta kamar dutse.

"'Yar nan, tsoronki ba a ka yake ba, nan ya kwanta. Ɗauki taɓarya."

Kullum da hantsi sai su yi lugude: Iyatu ta ɗaga taɓarya tana jan numfashi, ta sauke tana fitar da shi.

Ran nan suna cikin daka babur ya kutso lungun. Iyatu ta sandare, taɓarya a sama.

"Sauke!" in ji Fanta.

Ta sauke, hawaye na zuba, ta sake ɗagawa. Har yau tana tsoron babur. Amma geron ranar ya daku.