Jan Waken Inna a Buhu Mai Leda

Jan waken da Inna ke shukawa ba a samun irinsa a kasuwa. A hannun kakarmu ta gaje shi, ita kuma da shi ta zo daga gabas tana amarya. Yana nuna da wuri, tun gero bai gama fitar da kai ba muke fara ci. Kowace kaka Inna takan ware iri, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka.

Shekarar da ƙungiyar manoman ƙauyenmu, nan kusa da Kanya Babba, ta kawo buhunan nan masu leda biyu a ciki, kowa ya yaba, har da ni da ba na yabon abu da wuri. Ba magani, ba toka. A zuba wake, a matse iskar, a ɗaure ledojin ɗaya bayan ɗaya, ƙwaron da ke ciki ya rasa numfashi ya mutu. Malamin gona ya zo ya yi bayani tiryan-tiryan, sai dai ranar kasuwar Babura ya zo, don haka mata da 'yan samari kawai ya tarar. Inna na cikinsu, kuma maganar ta shige ta sosai. Da na ci da na iri, duk ta juye a buhu guda.

Aka tara buhunan mutanen gari a ɗaki ɗaya, aka damƙa mabuɗi a hannun Baffa, ƙanen mahaifinmu. Tsohon ɗan hatsi ne, ko ƙwaya ba ta taɓa salwanta a hannunsa ba. Ranar bayanin yana kasuwa, kuma babu wanda ya ga dalilin koya wa mutum irinsa ajiyar wake.

Da bazara ta yi na zo daga Kazaure, inda nake koyarwa, don in ɗauko wa Inna buhunta. Ana buɗe ƙofa wani wari ya doke mu. Na ɗora hannu a kan buhun, na ji shi da ɗumi kamar cikin akuya. Na kwance ledar, ƙwari suka taso mini a fuska. Na cusa hannu, sai gari. Aka kwance na maƙwabta, duk haka.

Baffa ya fi kowa ruɗewa. Ya ce, "Wallahi ban yi sakaci ba! Kullum nan nake, ina dubawa."

Na ce, "Baffa, ta yaya kuke dubawa, buhu a ɗaure?"

Sai ya zaro ɗan ƙarfen nan mai tsini da rami a tsakiya, wanda 'yan hatsi ke caka wa buhu su ga abin da ke ciki. Kafin in ce wani abu ya caka wa buhun da ke gabansa, don ya nuna mini. Na ji ƙarar fashewar ledar. Na kai ido jikin buhun Inna, ga huda nan sama da ƙasa, gefe da gefe. Nata ya fi kowanne shan caka, saboda shi ya fi damuwa da shi.

Raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan yi wa faɗa. Da na gaya masa abin da ledar take yi, ya zauna a ƙasa daɓas, ya ce, "To me ya hana a faɗa mini?"

Inna ba ta yi kuka ba. Ta shimfiɗa tabarma ta yini tana tankaɗe garin da rariya, ta tsince ƙwayoyin da take ganin sun tsira, ba su cika tafin hannu ba. Ruwan farko na sauka ta shuka su a bayan gida, tana leƙawa safe da yamma. Ko ɗaya bai tsiro ba. Ta aika garin Roni neman irin a wurin ƙanwarta, ta aika garin Gwiwa wurin wata jikar kakarmu. Duk amsa ɗaya suka bayar: ba sa ajiyewa, don sun san kullum akwai a wurin Inna.