Shabaka a Garken Awaki

Ni dai tun da na haifi ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa tsayawa na dube shi ido cikin ido ba. Haka uwata ta yi wa yayana, haka kakata da ta tako da ƙafa daga Sakkwato har Mai Wurno ta yi wa nata. Ɗan fari kunyarsa ake ji. In zan aike shi, bango nake faɗa wa: "A gaya wa wancan mutumin itace ya ƙare." Shi kuwa sai ya ɗauki gatari.

To, wancan mutumin ya tafi Jidda aiki, shekara goma sha bakwai bai leƙo gida ba. Muryarsa nakan jiyo in yana waya da ƙanwarsa, autata, wadda muke zaune tare tun rasuwar mijinta. Fuska kuwa babu. Ban faɗa wa kowa ba, amma kamanninsa sun fara ɓace mini. In na rufe ido, kunnuwansa kawai nake gani.

Sai ga shi ya aiko da wani akwati mai ƙaho biyu da allo na gilashi, wai shabaka, wato intanet, za a sa mana a gida, a riƙa magana ana ganin juna. Muhandisin da zai haɗa ya zo daga Sinnar, wani Balarabe mai tumbi. Ya ɗaga akwatin sama yana zagaya gida kamar mai turara ɗakin amarya. Ɗakina, babu. Madafi, babu. Sai da ya shiga garken awaki fitilun akwatin sunka koma kore.

"Ya hajja, a nan shabakar take," in ji shi.

Na ce, "Ya zol, bawan Allah, duk faɗin gidan nan baƙuwarka ba ta ga masauki ba sai wurin bunsuru?"

Ya ce ita shabaka ba ta san mutunci ba. Anka kafa doguwar gora a bayan danga, anka rataye akwatin inda bakin akuya ba ya kai, anka shigo da angarib, gadona na igiya, cikin garke. Matan maƙwabta sunka cika, har da mai dafa jabana, gahawarmu ta nan.

Allo ya yi haske. Na ji an ce, "Salamu alaikum, Inna." Ai kafin ya rufe baki na ba shi ƙeya, na ja mayafi.

"Haba Inna!" in ji autata. "Don ke fa aka sha wahalar nan."

"Rufe mini baki. Ni 'yar yau ce?"

Garke ba shi da bango, sai na dubi jar akuyata. "Ke, tambayi wancan mutumin ko yana cin abinci."

"A gaya mata ina ci," in ji shi. Tarbiyya ke nan.

Juma'a uku muna haka. Akuya har ta san aikinta, da ta ji ƙarar allo sai ta taho ta tsaya tana tuƙa. Ita tana kallon ɗana son ranta, ni ina kallon gemunta.

Juma'a ta huɗu, ana cikin magana sai ɗif.

"Shabaka ta tsaya," in ji autata. "Hoton ya daskare."

"Yana ganinmu?"

"Ba ya gani, ba ya ji."

Duk sunka fita juya gora ko shabaka ta dawo. Saura ni da awaki. Na yi tunani: ɗa ake jin kunya, ba hoto ba. Na juyo.

Furfura! Wa ya ba shi izini? Goshin na ubansa ne sak. Tabon raunin da ya ji da ya faɗa magudanar gona yana nan a gira. Na matsa har numfashina ya dushe gilashin, na goge da bakin mayafi, na ƙara dubawa. Kunnuwan dai ban yi kuskure ba.

Can sai na lura da fankar da ke bayansa. Juyawa take yi abinta. Ban yi makaranta ba, amma na san daskararren hoto ba ya fifita. Na dubi idanunsa: sun cika da ruwa, bai ƙifta ba. Ɗan halak!

Ni ma sai na daskare. Munka zauna haka, shi bai gan ni ba, ni ban gan shi ba, har na ji takun autata. Na juya baya.

"A gaya mata shabaka ta dawo," in ji shi.

Tun daga ranar, kowace Juma'a sai ta tsaya, ni kuma in kori kowa waje juyin gora. Autata ta gaji, ta sake kiran muhandis. Ya auna, ya auna, ya rantse da Allah akwatin lafiyarsa ƙalau. Ya ce ko a ƙara wa gorar tsawo?

Na ce ya sha jabanarsa ya kama hanyar Sinnar, kada ya taɓa mini gora.