Garin da Ba Ya Cikin Taswira

Sau ɗaya tak 'Yar Taswira ta sha kaye a cacar baki, kuma a hannun direban ofishinmu ne, wani dogo mai tumbi kamar ya haɗiye tulu. Ta cika baki wai garinsu babban gari ne. Ya ce, "To ƙanwata, ga taswira a bango, nuna mana." Ta hau kujera, ta bi da yatsa daga kogi zuwa dutse, ta sa tabarau, ta cire. Inda garin ya kamata ya zauna, fili ne fari fat.

"Ashe daga sama kika faɗo," in ji shi. Har mai shara sai da ta dara.

Aikinta a ofishin lafiya ba wani mai ƙayatarwa ba ne. In waya ta zo cewa cuta ta ɓulla a gari kaza, sai ta ɗauki allura mai jan kai ta soka a kan sunan garin. Inda allura ta tsaya, nan motar magani take zuwa. Shekaru tana wannan, allurai na tsatsa a gwangwani, ita tana gyangyaɗi. Mijinta ma cewa yake yi ana biyanta don ta tsokani bango.

Sai amai da gudawa ta zo da damina. Allura ta fara daga bakin kogi, ta bi ruwa, ta bi hanyar manyan motoci, ta bi kasuwanni, har taswirar ta koma kamar jikin mai ƙyanda. Gwangwani ya ƙare, aka sayo wani. Ɗan yatsanta ya yi kanta. Gyangyaɗi ya tafi, tsiwa ma ta tafi, wanda shi ne ya fi ba mu tsoro. Mutum ya shigo ofishin, ba gaisuwa, sai ya leƙa bango ya nemi garinsu.

Ita kuwa farin filin nan take kallo. Jajaye sun kewaye shi, shi yana nan fes, har ta fara yi wa kanta ƙarya cewa abin da takarda ba ta sani ba, cuta ma ba ta san shi ba.

Ran nan da hantsi yayanta ya kira daga garinsu. Rijiyar gari ta ɓaci. Inna ta cika tun asuba, har an kai ta. 'Ya'yansa biyu suna kwance, kuma ba wanda ya zo, don ba wanda ya san inda zai zo.

Ba ta yi kuka ba. Ta hau kujerar nan, ta soka allura a tsakiyar farin fili.

Direba ya shigo duba inda zai nufa, ya tsaya.

"Ƙanwata, wannan fa? Hannu ne ya goce?"

"Nan za ka."

"Haba. Ni ba na kai magani daji. Ga garuruwa masu suna suna jira. Ai tuni muka gama wannan shari'ar, ke da kanki kika duba, babu gari a nan."

Amsar da ta ba shi ita ta sa ya sunkuyar da kai ya ɗauki makullin mota, kuma har yau bai sake tayar da zancen ba.

Ta ce, "To Yaya, in babu gari a nan, a ina aka binne uwata da safe?"