Shanu Tara da Na Tsallakar Nijar

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da aka kira ni ofis, amma har yanzu in na ji mota ta tsaya a ƙofar gidanmu sai in leƙa in ga ko ni aka zo ɗauka. Innata ta ce in daina tunani. Ni kuwa na ga gara in rubuta, ko zan samu ya fita daga kaina.

Da na gama sakandare aka ɗauke ni aiki a ɗakin kayan gargajiya na nan Kazaure. Sunan ya fi wurin girma. Ɗakuna biyu ne da a da ake jibge buhunan gyaɗa a ciki, in damina ta sauka har yanzu ana jin warinsu. Mu biyu ne ma'aikatan. Akwai Baba, tsohon malamin sana'ar hannu da ya yi ritaya. Shi ne mai makulli, shi ne kuma ya bi ƙauyuka a keke ya tattaro kayan: ƙoren sassaƙa daga Roni, tuluna daga Gwiwa, zugazugin maƙera, da wata masaƙa da gara ta ci rabinta. Sai ni. Aikina shara, da rubuta ɗan bayani a kwali, Hausa a sama Turanci a ƙasa, in liƙa a gindin kowane abu.

Abu ɗaya ne ba shi da kwali, bangon ɗaki na biyu. Bayan farin nan da ya kashe dabbobi, Baba ya ɗauko wani mai zanen manyan motoci, irin masu zana zaki da dabino a bayan gingimari, ya ce ya zana masa shanun da suka mutu. Ba da ka aka zana su ba. Baba ya riƙa tare makiyayan wajen Babura ran kasuwa, kowa ya zo ya zauna ya faɗi kamannin tasa: ja ce, ƙahon hagu a karye, da farin tabo a goshi. Mai zane yana yi suna gyara masa. Shanu tara suka fito a bangon, tozo ya kwanta, haƙarƙari a waje sai ka ƙirga. Masu su sukan shigo su tsaya a gabansu. Wani tsoho a cikinsu yakan shafa wuyan tasa ya fita. Na taɓa tambayar Baba abin da zan rubuta a wurin, ya ce, "Masu su sun san su, 'yata. Adana kwalinki."

Sai aka ce wani babban baƙo zai zo daga Kano buɗe sabon gini, za a biyo da shi ta wurinmu ya ga al'ada. Sakataren ofishin da ke kula da mu ya zo dubawa a sabuwar motarsa Fijo. Shekara biyu ina aiki ban taɓa ganin ƙafarsa a ɗakin ba. Ya yaba tuluna, ya tambaya ko za a iya shafa musu fenti. Da ya shiga ɗaki na biyu sai ya tsaya cak.

"Malam, waɗannan fa?"

"Shanu ne, ranka ya daɗe."

"Na ga shanu ne. Me ya same su?"

"Yunwa."

"A ina?"

"Nan arewa da mu kaɗan."

Sakatare ya cire tabarau. Ya ce, "Ƙasar da ke sayar wa duniya mai, jiragen ruwa suna layi suna jiran su sauke mana siminti, a ce saniyarta tana tsaye da haƙarƙari a waje? Me kake so baƙo ya koma ya faɗa? A kira mai zanen ya ƙara musu jiki kafin baƙon ya zo ran Alhamis."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sun riga sun mutu. Ko an ƙara musu ba zai zauna ba."

Kashegari takarda ta zo da hatimi, an kafa kwamitin mutum biyar don duba lafiyar shanun da ke bango. Sun zauna sau biyu, an sha lemo. Suka turo likitan dabbobi, bawan Allah ya tsaya gaban bango riƙe da jakarsa, ya rubuta cewa bai ga wata cuta ba sai rashin abinci. Aka mayar masa da rahoton ya cire rashin abinci. Da ya cire, rahoton ya koma cewa shanun lafiyarsu ƙalau, aka sa a fayil. Wani ɗan kwamiti ya kawo shawarar a zana musu ciyawa a gaba. Wani ya ce kul, in ga ciyawa kuma ga rama, za a ce ciyawar gwamnati ce ba ta da kyau. Mai zanen kuwa da ya ji ana nemansa sai ya bi wata gingimari ya yi kudu.

Aka turo mai fentin ofis da bokiti biyu. Baba ya kulle ɗakin, ya sa makulli a aljihu, ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa ya zauna yana jan carbi. Ya ce shi bai hana kowa shiga ba, a tsallake shi dai. Mai fentin tsohon ɗalibinsa ne. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya kwashi bokitansa ya koma.

Har nan dariya nake yi. Ina komawa gida in ba Innata labari tana riƙe ciki.

Ran Talata da hantsi masinja ya zo ya ce Sakatare yana kirana, ni kaɗai.

Ban taɓa shiga ofishinsa ba. Fanka tana juyawa, amma gumi nake. Akwai ɗan sanda zaune a benci a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa. Sakatare ya turo mini takarda da aka buga a tafireta, sunana a ƙasa, an bar wurin sa hannu. Takardar ta ce ni shaida ce Baba ya sa an yi zanen don ya kunyata gwamnati, kuma yana tara baƙin mutane daga bakin iyaka suna ƙus-ƙus a ɗakin.

"Sa hannu kawai, 'yan mata. Ke ba ruwanki."

"Yallaɓai, in na sa me za a yi masa?"

"Ba komai. Za a kai shi Kano ya amsa tambayoyi."

Akwai wani malamin makarantarmu da aka taɓa kaiwa ya amsa tambayoyi. Sai bayan wata bakwai ya dawo, ko alli ba ya iya riƙewa. Malamin nan fa saurayi ne. Baba kuwa sai ya dafa bango yake miƙewa daga buzu.

"In ban sa ba fa, Yallaɓai?"

Ya yi murmushi. "Ai motar tana da wuri a baya."

Na riƙe alƙalamin. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na kai bakinsa kan takardar. Har tawada ta ɗiga a gefe. Idona yana kan layin nan da aka rubuta bakin iyaka, sai na ji bakina yana magana ban shirya ba.

"Yallaɓai, ai shanun ba namu ba ne. Na Nijar ne."

"Na ina?"

"Na Nijar. Ba ka ga jajaye ba ne masu dogon ƙaho? Kwalin bayani ne ba a liƙa ba. Laifina ne, ni ce ban rubuta ba."

Ɗan sandan ma ya daina tauna. Can sai Sakatare ya jingina da kujera, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Wato hoton yana nuna halin da maƙwabta suke ciki ne."

"E, Yallaɓai."

"Da yadda Allah ya rufa mana asiri."

"E, Yallaɓai."

"To shi wannan tsohon me ya hana shi faɗa tun farko? Ya sa kwamiti ya wahala." Ya ce in rubuta da manyan baƙaƙe, Turancin ya fi Hausar girma. Takardar kuwa bai yaga ta ba. Ya sa ta a durowa ya murɗa makulli.

Da na fito ban koma wurin aiki kai tsaye ba. Na zauna a gindin darbejiyar ƙofar ofis har mai sayar da fura ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Na rubuta kwalin sau uku kafin ya karantu. Shanun ƙasar Nijar a lokacin fari. Na kai wa Baba a bakin ƙofa, na faɗa masa duk yadda aka yi. Ya karanta Hausar, ya karanta Turancin. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Ya ce, "Jar nan ta tsakiya a Kanya Babba ta nan wajen Babura aka haife ta, a can ta faɗi. Ko kwastan ba ta taɓa gani ba."

"Baba, Kano za su kai ka."

"Na sani."

Ya dafa bango ya miƙe, ya buɗe ƙofar. Ina liƙawa yana tsaye a bayana. Abin da ya ƙara cewa kawai, "Ɗaga gefen dama, ya karkace."

Ran Alhamis baƙo ya zo da motoci bakwai. Bai kalli tuluna ba. Ya tsaya gaban bangon ya karanta Turancin, ya girgiza kai, ya ce, "Allah sarki, mutanen Nijar." Duk 'yan rakiya suka girgiza kai tare. Wani har ya share ido. Baƙon ya ce wannan zane ne mai ilimantarwa, a riƙa kawo 'yan makaranta su gani don su san godiya. Ya yi wa Baba musabaha, aka ɗauki hoto, Sakatare ya shiga tsakiya. An ce kwamiti ma ya samu takardar yabo.

Baba yana nan, makulli yana aljihunsa, ba a taɓa ko ƙaho ɗaya a bangon ba. Ina faɗa wa kaina haka sau da yawa a rana. Aji biyu sun riga sun zo, ni nake karanta musu kwalin da ƙarfi, su maimaita. Baba yakan fita waje ya zauna har su gama. Ran kasuwa kuwa ni nake cewa kaina yana ciwo in zauna a gida, don makiyayan ba sa karatun boko, in sun ga sabon abu a gindin shanunsu ni za su tambaya.

Jiya masinja ya same ni ina shara. Ya ce Sakatare yana gaishe ni, ya ce ni yarinya ce mai basira. An kawo masa wasu hotuna daga wajen Gwiwa, rijiya ce da ta ƙafe da mata a layi riƙe da ƙwarya, za a nuna su a wani taro, suna bukatar bayani. In je ran Litinin da safe. Ban faɗa wa Baba ba tukuna.

Na ce wa masinjan tawadata ta ƙare. Ya ce a ofis akwai.